Fayil Mara Nauyi

Ƙarfe goma da 'yan mintoci Malama ta miƙa wa sakataren kwamiti filash, 'yar na'urar adana fayilolin kwamfuta. Mutum bakwai ne zaune a ɗakin taro na ofishin ilimi, ita ce ta takwas, kuma ita kaɗai ce ba a gayyata da takarda ba. Magana ɗaya ta tara su: a buɗe sabon benen makarantar firamare ranar Litinin, ko a bar shi a rufe.

A saman benen nan ajinta yake, yara hamsin da biyu. Wata uku da suka wuce tsaga ta bayyana a ginshiƙin da ke ƙarƙashin matakala, aka kwashe yaran aka cusa su a ɗakin karatu da baranda. Injiniyan da hukumar gine-gine ta turo ya duba ginin yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya manna wasu 'yan na'urori a jikin ginshiƙin, kullum da safe kafin ya wuce ofis sai ya tsaya ya ɗauki awo, ya ɗauki hoto. Ya sha gaya mata cewa tsagar ba tsayawa ta yi ba, buɗewa take yi a hankali. Kwana tara da suka wuce ya faɗi a banɗaki yana wanke fuska. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana asibiti, yana gane mutane, amma harshe ya ƙi, rahoton kuma bai riga ya miƙa shi ba.

Shekaranjiya direban hukumar ya zo karɓar kwamfutar aikin yayan nata, wai za a ba wanda zai riƙe kujerar. Kafin ta ba shi, Malama ta buɗe ta da lambar sirrin da matar Yaya ta ba ta, ta ga folda mai sunan makarantar a kan allo, ta kwafe ta gaba ɗaya zuwa filash. Ta ga sunayen fayiloli sun jeru, ta yi ajiyar zuciya, ta rufe.

Yanzu ga sunayen nan a bango, majigi ya haska su: awon mako na ɗaya, awon mako na biyu, har zuwa na goma sha ɗaya, sai hotuna, sai rahoto. Sakatare ya danna na farko. Kwamfutar ta ce ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Ya danna na biyu, haka. Ya gyara tabarau ya matso da fuskarsa.

"Malama, ai babu komai a ciki. Dubi nauyinsu. Sifili, sifili, sifili."

"Sake gwadawa, don Allah. Da idona na ga sun shiga."

Ya sake. Lauyan ɗan kwangilar da ya gina benen, wani dogo mai yawan murmushi, ya jingina da kujera.

"Yallaɓai shugaba, da ma na faɗa. Muna tausaya wa injiniya, Allah ya ba shi lafiya. Amma wata uku ana tsare yara a baranda saboda awon da ba wanda ya taɓa gani sai ƙanwarsa. Mu kuwa ga takardarmu, an shafe tsagar da siminti, ta fenti ce kawai. Yanzu an kawo mana buhu, an kwance, iska ce a ciki."

Wani ya yi 'yar dariya. Shugabar makarantar ta sunkuyar da kai, don ita ma iyaye sun ishe ta da ƙorafi.

Shugaban kwamitin tsohon likita ne, ba ya son hayaniya. Ya dubi agogonsa.

"Malama, ina kwamfutar da aka kwafo wannan?"

"An mayar da ita hukumar, ranka ya daɗe."

"Muna da wasu batutuwa biyu. Sha biyu da rabi zan dawo kan wannan, kuma da abin da ke gabana zan yanke. Ba zan ƙara minti ɗaya ba."

Ta zare filash ɗin ta fita, ko jakarta ba ta zuge ba.

A cikin tasi ta kira matar Yaya. Ta gaya mata abin da ya faru a gaggauce, ta ce ta sa masa wayar a kunne. Ta ji numfashinsa, mai nauyi.

"Yaya, ni ce. Fayilolin ginshiƙi sun ƙi buɗewa. Wai babu komai. Ina ka ajiye na gaskiyan?"

Sai wani sauti, kamar mai ƙoƙarin ɗaga dutse da harshe. "Ci... ciki. Ciki."

"Wayyo, cikinsa ne," in ji matar Yaya, muryarta ta tashi. "Tun safe bai ci komai ba. Bari in kira nas." Ta kashe wayar.

Malama ta dafe goshi. Gaban tasin wata babbar mota ta tsaya tana sauke buhuna a tsakiyar titi, direban tasi ya leƙa yana zazzaga wa masu saukewar masifa, su kuwa ko a jikinsu. Ta biya shi ta sauka, ta ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa, rabi gudu rabi tafiya, takalmin makaranta na cizon dugaduganta.

Sha ɗaya saura minti biyar ta shiga hukumar gine-gine. Mai karɓar baƙi ta ce duk kwamfutar da aka dawo da ita ɗakin Sannu-Sannu ake kai ta, hawa na uku, ƙarshen baranda.

"Wane ne haka?"

"Mai kula da kwamfutoci. Za ki gane dalilin sunan. Ki yi sauri dai, yau yake wanke su."

"Wanke su?"

"Goge komai da ke ciki, a ba sabon mai ita."

Ba ta san yadda ta hau matakalan nan ba. Ɗakin ƙarami ne, sanyi kamar firji, wayoyi sun rataya a ƙusa kamar igiyoyin shanya. Wani dattijo mai furfura a gemu yana zaune yana juya cokali a kofin shayi. A kan dogon tebur kwamfutoci biyar a jere. Biyu a rufe, an manna musu farar takarda. Ta uku a buɗe, wani shuɗin layi na tafiya a allonta, ya wuce rabi.

"Tsaya! Baba, don Allah tsayar da ita!"

Dattijon ya ajiye cokalin a kan faranti, ya daidaita shi, sannan ya ɗago. "Sannu da zuwa. Wadda ta fara ba ta tsayawa, 'yata. Ko ta tsaya, abin da ya tafi ya tafi. Ta wa kike nema?"

Ta zagaya bayan teburin tana duba murafen. Ta Yaya tana da tauraro ja da 'yarsa ta manna a kusurwa. Ta farko babu. Ta biyu babu. Ta leƙa bayan ta ukun. Babu. A ta huɗu tauraron yake, gefensa ɗaya ya ɗago. Ta zauna a kan wani kwali.

Ta ba shi labarin a tsaitsaye, tana haɗa kalmomi. Sannu-Sannu ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

"Ashe ke ce ƙanwar mai cinye mini biskit. Kullum ya shigo sai ya ce kwamfutarsa ce ke ciwo, alhali gwangwanina ya zo gaisarwa." Ya girgiza kai. "Kayan hukuma ne, ba na buɗe wa baƙo. Amma kwamitin ma hukuma ce, rahoton kuma dominsu aka yi shi. Za ki sa hannu a littafi."

Ya jawo wani babban littafi, ya nemi biro, ya gwada shi a bayan hannunsa, ya fara rubuta kwanan wata harafi bayan harafi.

"Baba, sha ɗaya da minti goma!"

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba, ni kuwa ba ni da daɗewar!"

Ya yi murmushi, ya tura mata littafin. Ta sa hannu, ta buga lambar sirrin, allon ya buɗe. Ga foldar nan a inda ta bar ta. Ta fizgi linzamin kwamfutar ta danna awon mako na ɗaya.

Bai buɗe ba. Nauyinsa sifili, daidai da na filash.

Ta danna rahoto. Sifili. Maganar lauyan ta dawo mata, buhu da iska. Wata uku tana tsaye a kan maganar Yaya, ta yi faɗa da iyaye, ta yi faɗa da shugabarta. Shin ciwon ya daɗe yana cinsa ne ba su sani ba, yana zaune yana rubuta sunaye a kan babu?

"Babu komai," ta ce a hankali. "A nan ma babu."

"Matsa in gani." Sannu-Sannu ya jawo kujerarsa, ya daɗe yana kallon sunayen. Sai ya yi tsaki, irin na wanda ya gane mai laifi. "Na gaya masa. Wallahi na gaya masa sau nawa. Waɗannan ba fayiloli ba ne, Malama. Manuni ne."

"Me ke nan?"

"Kwamfutar nan biyu ce a haɗe. Akwai babbar, wadda kike gani, mai hotuna da linzami. A cikinta kuma ya girka wata ƙarama, mai nata tsarin daban, don manhajar da ke karanta na'urorinsa a can kawai take aiki. Kamar mai gida ne da ɗan haya. To yana can ciki ya yi waɗannan, ya ajiye su a nan waje don ya riƙa ganin jerin aikinsa. Kowane ɗaya 'yar takarda ce da ke cewa, abin da kake nema yana wuri kaza. Amma da yaren ɗan haya aka rubuta adireshin. Mai gida ya ɗauka ya juya, bai iya karantawa ba, sai ya ce miki babu komai. Takardun adireshi kika kwafa, kayan suna ciki."

"Ciki," ta maimaita. Ta rufe baki da hannu. "Abin da yake ta faɗa ke nan a waya. Antina ta tafi kiran nas, wai cikinsa ke ciwo."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "To Allah ya sa kada su yi masa allura a banza."

Ya buɗe wata baƙar taga, babu hoto ko ɗaya, sai ɗan farin layi na ƙyaftawa. Da yatsa biyu yake bugawa, yana duba kowane harafi kafin ya taɓa na gaba. Malama ta matse hannayenta a tsakanin gwiwoyi don kada ta ture shi. Sunayen suka sake fitowa, amma yanzu kowanne da 'yar kibiya a gabansa, tana nuna wani dogon adireshi.

"Kin gani? Daga nan ciki ana karanta su. Bari mu bi na rahoton." Ya buga. Lambobi suka fito. "Ga shi nan, da nauyinsa. Hotuna ma suna nan, ɗari da wani abu."

Ta saki numfashi. "Alhamdu lillahi. Kwafe, Baba, kwafe."

"Tsaya tukuna." Ya nuna allon da bayan biro. Sunayen awon mako-mako goma sha ɗayan nan duk sun fito da ja. "Waɗannan kibiyarsu ta nuna wurin da babu shi. Sun yanke."

"An goge su?"

"Ban ce ba." Ya karanta adireshin a hankali, yana motsa leɓe. "Wannan ba cikin ɗan haya ya nuna ba, ba kuma cikin mai gida ba. Waje ya sake fita. Wani abu ne da ake sokawa a jikin kwamfutar." Ya shafa gefenta, yatsansa ya tsaya a kan wata 'yar siririyar kafa, babu komai a ciki. Ya janye hannunsa a hankali.

"Baba?"

"Katin memori ne. Ni na cire shi jiya. Duk wadda aka kawo sai na zare mata kati kafin wanki."

"Yana ina?"

Ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da wani tsohon gwangwani, ba na biskit ɗin ba. Ya zazzage shi a kan tebur. Katuna ne, yawancinsu baƙaƙe, ƙanana kamar farcen babban yatsa, sun fi ashirin, kusan duk iri ɗaya.

Sha biyu saura kwata. Daga nan zuwa ofishin ilimi, in hanya ta yi kyau, minti ashirin ne.

"Na jiya suna sama-sama," in ji shi, "amma yanzu na zazzage, sama ta koma ƙasa."

Ta fara juya su ɗaya bayan ɗaya. Wasu da rubutu a baya, wasu babu. Yaya mutum ne mai sa wa komai alama, har cokulan gidansa. Ta ware guda shida da aka yi wa ɗigo da jan fenti ko biro. Sannu-Sannu ya soka na farko, ya buga umarnin da zai sa ƙaramar kwamfutar ta gan shi, don ita ba ta ganin kati sai an gabatar mata da shi. Ya sake kiran jerin sunayen awon, ya ga ko launinsu ya canza. Ja. Ya zare, ya soka na biyu, ya sake buga umarnin tun daga farko, da yatsa biyu. Ja. Na uku hotunan wata gada ne. Na huɗu ya ƙi karantuwa sam.

Wayarta ta yi ƙara. Shugabar makaranta ce, tana magana ƙasa-ƙasa. "Kina ina? Sun gama batu na biyu da wuri. Lauyan nan yana cewa a yanke kawai."

"Ki ce shugaba ya yi alkawarin sha biyu da rabi. Ki riƙe shi da maganarsa, don Allah."

Na biyar ja. Na shida ja.

Malama ta dubi sauran tulin, idanunta suka cika. Sannu-Sannu ya tashi, ya je ya ɗaga jakar da aka kawo kwamfutar a ciki, ya duba lambar da ke jikinta, ya koma littafinsa ya buɗe shafin jiya, ya bi layi da yatsa.

"Kwamfuta ta huɗu, caja ɗaya, jaka ɗaya, kati ɗaya, shuɗi." Ya ɗago. "Shuɗi na rubuta. Mutane na yi mini dariyar rubutu."

Shuɗɗa biyu ne kawai a tulin. Na farkon da ya soka, da ya kira jerin, jan nan duk ya washe. Malama ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Yanzu kuma ba za mu maimaita kuskurenki ba," in ji shi. "Daga ciki za mu kwafa, mu ce mata ta bi kowace kibiya har gida ta ɗauko kayan, ba takardar ba." Ya soka filash ɗinta, ya gabatar da shi, ya buga umarnin. Sunaye suka fara gudu a baƙar tagar. Da suka tsaya ta kai hannu, ya riƙe filash ɗin.

"Sai mun gwada a wata."

"Baba, sha biyu da minti biyar!"

"Shekaranjiya ma sauri kika yi."

Ta janye hannunta. Ya kai filash ɗin kwamfutar teburinsa, ya danna awon mako na ɗaya. Ya buɗe, layi-layi na lambobi. Ya danna na sha ɗaya, ya buɗe. Ya danna rahoto, ga sunan Yaya a shafin farko. Sannan ya zare ya sa mata a tafin hannu.

"Ki gaishe shi. Ki ce gwangwani na nan cike."

A bakin ƙofar hukumar ta ga direban da ya karɓi kwamfutar shekaranjiya yana goge mota. Ba ta roƙe shi da yawa ba, fuskarta ta isa. Ya bi ta wasu lunguna da ba ta taɓa sani ba, ya sauke ta sha biyu da minti ashirin da takwas.

Da ta tura ƙofar ɗakin taron, sakatare na karanta daftarin shawara, an riga an rubuta kalmar buɗewa. Shugaba ya dubi agogo, ya dube ta, ya yi wa sakatare alama da hannu. Aka soka filash ɗin.

Hoton farko ya cika bango: ginshiƙi, tsaga kamar zare, an kara ma'auni a gefenta. Sakatare ya tsallaka zuwa na ƙarshe, wanda aka ɗauka kwana goma da suka wuce, bayan an shafe wurin da siminti. Sabon simintin ya sake tsagewa, kuma bakin biro ya shige cikin tsagar. A rahoton, Yaya ya jera awon mako goma sha ɗaya, daga ƙasa da milimita ɗaya zuwa huɗu da rabi, babu makon da ta tsaya.

Lauya ya gyara zama. "Yallaɓai, wannan ya fito ne daga hannun 'yar'uwarsa. Sa'a biyu da suka wuce babu komai, yanzu kuma..."

"Kwamfutar tana hukumar gine-gine," in ji Malama, muryarta a dishe. "Mai kula da ita ya rubuta komai a littafi, da lokaci, na sa hannu. A je a duba."

Shugaba ya daɗe yana kallon hoton biron. "Na yi shekara talatin ina duba ciwo," ya ce. "Wanda aka rufe da filasta yana ci gaba da girma, ban taɓa sallamar mai shi ba." Ya juya ga sakatare. "Goge wannan kalmar. Bene zai zauna a rufe. A rubuta wa hukumar ta turo wani injiniya cikin mako biyu, wanda ba ɗan'uwan kowa ba, a ba shi wannan awon ya ɗora a kai. Kwamfutar kuma kada a taɓa ta."

Shugabar makaranta ta yi ajiyar zuciya. "To yaran fa? Baranda za su ci gaba da zama?"

"Baranda," in ji shi. "Ki turo mini iyayen da suka fi surutu."

Da rana Malama ta isa asibiti, tana ɗingishi, takalmi ɗaya ya fasa mata dugadugi. Yaya na kwance an ɗan ɗaga masa kai, matarsa na ba shi ruwa da cokali. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa na hagu, mai motsi.

"An ga awon, Yaya. Duka goma sha ɗayan. Ba za a buɗe ba."

Ya lumshe ido. Hannun ya matse nata da ƙarfin da ba ta zata yana da shi ba. Ya yi ta ƙoƙarin wata kalma, ta ƙi fitowa, ya haƙura.

"Likita ya ce gobe za a fara masa gashin ƙafa da koyon magana," in ji matarsa. "Ke kuma je ki wanke ƙafar nan a sa miki magani, kina zubar mana da jini a ƙasa."

Malama ta duba, ta ga gaskiya ne. Ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta fita neman nas.